Ina ɗauke da kitse fiye da kilo 20, me ya sa ƙarfina ya ƙare a hanyar Wudil?

Telan Hotoro:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da shan ruwa. Tambaya gare ni, amma sai na ba ku labarin yadda abin ya faru tukuna, don wanda ya san harkar ya nuna min inda na kauce.

Ni tela ne, shekarata 43, shagona yana Hotoro a nan Kano. Sama da shekara 20 ke nan ina zaune a kan keken ɗinki daga hantsi har dare, kuma zaman ya nuna a jikina. Nauyina kilo 92, akasarinsa a tumbi. Kaftanin da na ɗinka wa kaina a sallar bara, bana sai da na farke gefe na ƙara masa inci 2. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ciwon sukari da hawan jini ne suka yi ajalinsa, shi ya sa maganar ƙibar nan take tsaya min a rai. Wata 3 da suka wuce an gwada ni, aka ce sukarina lafiya lau, amma in rage nauyi.

Sai na sayi keken hawa na hannu, ina ɗan zagayawa da shi da safe na minti 30. Da azumi ya kama, wani abokina mai sayar da yadi ya nuna min bidiyo a waya, wai idan mutum ya yi awa 12 bai ci komai ba sukarin jikinsa ya ƙare, daga nan duk motsin da ya yi kitse zalla yake ƙonawa. Na ce to ga dama ta samu, bari in yi amfani da goman farko kafin ɗinkin sallah ya rufe ni. Na daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Sahur ƙwai 2 da shayi babu sukari, buɗa-baki dabino ɗaya da nama ko kifi da ganye. Kullum bayan la'asar in hau keke awa guda.

Ranar 6 ga wata na ce bari in ƙara. Na tashi wajen ƙarfe 4:15, na wuce Mariri na miƙi hanyar Wudil, ina takawa da ƙarfi saboda ina so in yi gumi sosai. Awa ta farko lafiya ƙalau. Na juyo ke nan, wajen ƙarfe 6 saura, sai na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo. Ba ciwo ba ne, kawai in taka feda in ji babu komai a cikin cinyata. Sai gumi mai sanyi, hannuna yana rawa a kan kan keke, farin layin titi yana rabuwa biyu a idona. Wata tirela ta wuce, iskarta kaɗai ta kusa kayar da ni. Na sauka na tura keken zuwa gindin wata darbejiya kusa da wani ƙaramin masallaci a bakin hanya, na zauna a ƙasa, ko amsa sallama ban iya yi da kyau ba.

Wani dattijo mai share tabarmin masallacin ya zauna kusa da ni yana min fifita da murfin kwano har aka kira sallah. Ya ba ni dabino 3 da kofin kunun tsamiya mai sukari. Wallahi kafin minti 15 idona ya washe, rawar hannun ta tsaya, har na bi jam'i a tsaye. Daga nan na sa keken a a-daidaita-sahu na koma gida.

Da na hau sikeli a gida kafin in ci abinci sosai, kilo 90 na gani, alhali da rana 92 ne. Na yi murna. Washegari da asuba ya koma 91 da rabi.

To ga tambayoyina. Idan gaskiya ne mai azumi kitse yake ƙonawa, ni da nake ɗauke da abin da na tabbata ya haura kilo 20, ta yaya mai ya ƙare min a tanki? Me ya sa kofin kunu ɗaya ya yi abin da duk tumbina ya kasa? Kuma kilo 2 ɗin nan ina suka tafi, ina suka dawo?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam Malam tela. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya iya nan, Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri. Ina koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, kuma labarinka zan iya karanta wa ɗalibaina shi a aji, saboda duk abin da muke zanawa a allo ya faru a jikinka bi da bi.

Jiki yana da ma'aji biyu. Na farko shi ne sukarin da aka ɗaure aka adana, wanda ake kira gilaikojin. Duk tuwo da shinkafa da burodi da ka ci, hanji yana mayar da su sukarin jini, wato gilukos, abin da ba a buƙata nan take sai a ɗaure shi a ajiye. Hanta tana riƙe kimanin giram 100, tsokokin jiki duka kimanin giram 400. In ka haɗa, bai wuce kalori 2,000 ba, kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Na biyu shi ne kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700, ka ga kilo 20 ɗinka sun haura kalori 150,000. Ma'aji na biyu ya ninka na farko fiye da sau 70.

Ka ɗauka gida ne mai rumbu cike da dammunan gero, sannan da kwano ɗaya na gari a ɗaki. In cin yau da gobe ne na mutanen gida, rumbun ya wadatar har shekara. Amma in baƙi 20 suka yi sallama suna sauri, garin nan ne zai fitar da kai kunya, domin geron rumbu sai an fitar da shi, an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa. Haka kitse yake. Sai an warware shi daga inda yake a tumbi, ya bi jini, ya shiga tsoka, ya shiga inda ake ƙona shi da iskar oksijin, kuma kowane mataki yana da iyakar saurinsa. Mutumin da bai saba da doguwar motsa jiki ba, mafi yawan abin da zai iya ƙonawa na kitse kimanin rabin giram ne a minti ɗaya. Wannan ya ishe ka tafiya a ƙasa ko taka keke a hankali. Bai isa takun da ka ce kana yi don ka yi gumi ba. Duk abin da ka ƙara a kan wannan iyakar, daga kwanon gari yake fitowa. Kuma in aikin ya tsananta har numfashi ya fara sarƙewa, ƙonar kitsen raguwa ma take yi, jiki ya koma kan sukari kusan kacokan.

Kai kuwa kwanonka kusan wayam ka fita da shi. Kwana 5 kana hawa keke, kwana 5 ba ka mayar da abin da ka ɗiba ba tunda ka yanke tuwo da shinkafa. Wannan abu an gwada shi tun 1967 a ƙasar Suwidin. Jonas Bergström da Eric Hultman da abokan aikinsu sun sa mutane taka keke har su gaji liƙis, bayan sun yi kwana 3 a kan abinci iri daban-daban. A kan nama da mai kawai, kusan awa 1 suka iya. A kan abincin yau da kullum, kusan awa 2. A kan abinci mai yawan sitaci, irin su tuwo da shinkafa, kusan awa 3. Mutanen nan dai su ne, kitsen jikinsu bai canza ba, gilaikojin ɗin cinyarsu ne ya bambanta. Sahur ɗinka na ƙwai da shayi shi ne rukunin farko.

Wannan bayanin nauyin ƙafa ke nan. Rawar hannu da gumi mai sanyi da gani biyu-biyu kuwa daga wani wuri suka fito, kuma shi ne ya fi haɗari. Ƙwaƙwalwa tana cin gilukos kimanin giram 120 a rana, kuma ba ta iya ƙona kitse kai tsaye yadda tsoka take yi. Hanta ce mai ciyar da ita tsakanin abinci da abinci. Gilaikojin ɗin tsoka ba ya taimaka wa ƙwaƙwalwa, don tsoka marowaciya ce, abin da ta adana nata ne ita kaɗai, ba ta da hanyar sakin sa cikin jini. Har tsakanin ƙafa da ƙafa ma ba a rance. Bergström da Hultman ɗin nan sun nuna haka a jikinsu a 1966: suka zauna gefe da gefen keke ɗaya, kowa yana takawa da ƙafa guda har ya kasa, da aka tsakuro tsokar aka duba, ƙafar da ta yi aiki ta ƙare ƙarƙaf, ɗayar tana nan cike.

To kai lokacin da ka fita kimanin awa 11 rabonka da abinci, hanta ta riga ta zubar da kaso mai yawa na ɗan abin da ke cikinta, sai ga cinyoyinka da nasu ya ƙare sun dawo suna zuƙar sukarin jini. Hanta tana iya ƙera sabon gilukos daga wasu abubuwa, har da furotin na jiki, amma a hankali take yi, kuma ainihin kitse ba ya komawa sukari sai wani ɗan ɓangare ƙalilan. Sukarin jininka ya faɗi, jiki ya saki sinadarin firgici, shi ne rawar da gumin. Kunu mai sukari da dabino kuwa cikin mintuna suke shiga jini. Saurin warwarewar da ka yi shi ne babbar shaidata cewa sukari ne ya yi ƙasa.

Bidiyon abokinka yana da rabin gaskiya. In an daɗe ba a ci ba, insulin, wato sinadarin da jiki yake saki bayan cin abinci don saukar da sukarin jini, yana sauka, kuma insulin shi ne mai kulle ƙofar rumbun kitse, saboda haka da la'asar mai azumi ya fi ƙona kitse a kan wanda ya ci abincin rana. Amma babu wani ƙarfe da yake bugawa a ce sukari ya ƙare an koma kitse zalla. Koyaushe biyun ake haɗawa, rabon ne yake sauyawa. Hanta ma sai an yi kusan awa 24 ba ci kafin ta kusa ƙarewa. Abin da masu irin wannan bidiyo suke kwaɗaita wa mutane, wato hanta ta riƙa mayar da kitse wani makamashi da ake kira kiton wanda ƙwaƙwalwa take iya amfani da shi, sai an yi kwana 2 zuwa 3 babu abinci yake yawaita. Ɗakin binciken George Cahill a Amurka ya nuna a 1967 cewa masu ƙiba da suka yi mako 5 zuwa 6 babu abinci ƙarƙashin kulawar likitoci, fiye da rabin abincin ƙwaƙwalwarsu ya koma kiton. Azuminmu na awa 13 zuwa 14 ne, muna buɗe baki kowace magariba, ba ya kai mu can, kuma ba don haka aka wajabta shi ba.

Kilo 2 kuma ruwa ne. A zafin Kano na wannan lokaci, mai taka keke da ƙarfi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a awa guda. Sannan kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kimanin giram 3, in an ƙona shi ruwan ya saku. Ka sha, ka ci, suka dawo. Kitsen da ka ƙona a tafiyar nan duka, in na yi maka lissafi da karamci, giram 50 zuwa 60 ne. Cokali 4 na man gyaɗa.

Telan Hotoro:

Cokali 4! Malam, jikina ya yi sanyi. Allah Ya ƙara ilimi. Ashe gumin nan da nake nema ba kitse ne yake narkewa ba? Akwai wani maƙwabcina da yake ɗaura leda a ciki in zai fita gudu, har na yi niyyar kwaikwayonsa.

Malamin Kimiyya:

Don Allah kada ka yi, shi ma ka hana shi. Gumi ruwa ne da gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Kitse ta hanci yake fita. In jiki ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 iska ce ta kabon dayoksaid da kake fitarwa da numfashi, ragowar kilo 1.6 ruwa. An buga wannan lissafin a mujallar likitoci ta BMJ a 2014.

Kuma kada cokali 4 ya karya maka gwiwa. Abin da ke rage tumbi lissafin yini da mako ne gaba ɗaya, abin da ya shiga da abin da ya fita. In ka ƙona sukari a kan keke, abincin da ka ci daga baya zai tafi cike gurbinsa maimakon ya zama kitse, sannan jiki ya ci gaba da ɗiba daga rumbu kana zaune a shago. A 2014 an raba mata 20 gida biyu a Amurka, aka ba su abinci mai ƙarancin kalori iri ɗaya, rabi suna motsa jiki da safe ciki wayam, rabi bayan sun sha wani abu. Bayan mako 4 duka sun ragu, kuma ba a ga bambanci tsakaninsu ba.

Anti Nas:

Malam tela, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma gaskiya raina ya ɓaci da na karanta labarinka. Kai kaɗai, a babban titi tsakanin tireloli, da azumi a bakinka, cikin wannan rana. Da a kan kwalta jirin ya kayar da kai fa? Kana da iyali.

Bayanin Malam daidai ne, amma ina so in ƙara nauyi a kan ruwa, don shi muke gani a wurin aiki duk azumin da ya faɗo cikin zafi. Kilo 2 a jikin mai kilo 92 ya haura kashi 2 cikin 100, kuma daga nan ne ƙarfi da tunani suke fara raguwa. Jini yana raguwa, zuciya ta ƙara gudu, ƙoda ta shiga wahala. Sukari in ya faɗi dabino yana gyara shi cikin minti 15. Zafi in ya buge mutum har ya fara sambatu ko ya suma, wannan maganar asibiti ce ta gaggawa, ana rasa rai a kanta. Ka riƙa duba fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi kuma ɗan kaɗan, ba ka sha isasshe ba tsakanin magariba da sahur.

Na biyu, kai gwajinka ya nuna lafiya, amma akwai masu ciwon sukari da suke karanta wannan zaure. Wanda yake allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari, kada ya kuskura ya gwada irin wannan. Ƙa'idar da likitocin sukari suka fitar game da Ramadan ita ce, in awon sukarin jini ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin mg/dL, a karya azumin nan take, ko da saura minti 10 a sha ruwa. Malamanmu na addini suna nan, a tambaye su, ba za su ce ka halaka kanka ba. Kai ma ranar nan da ka fara gani biyu-biyu, zaman jiran kiran sallah da ka yi kasada ce, Allah ne Ya tsare.

Ɗan Tsere daga Jos:

Yaya tela sannu da jiki. Abin da ya same ka mu masu gudun yada-ƙanin-wani mun san shi sarai, kuma ba sai da azumi ba.

Nauyina kilo 58 ne, in ka gan ni za ka ce iska za ta ɗauke ni. Karon farko da na shiga gudun Legas na kilomita 42, na tashi daga filin wasa na Surulere da zafina, na haye doguwar gadar nan ta kan ruwa ina wuce mutane ina jin daɗi. Ban sha komai mai zaƙi ba, ruwa kawai, saboda cikina ba ya son abu in ina gudu. Wajen kilomita 32 abin ya sauko min kamar an kashe injin. Mutanen da na wuce suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ina kallonsu, ƙafa ta ƙi. Ragowar kilomita 10 da tafiya da ɗingishi na ƙarasa. Laifina ne ni kaɗai. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, ka ga ni ina buƙatar wajen 2,400, ma'ajin da Malam ya faɗa kuwa bai kai haka ba. Ni ramamme, kai mai jiki, wuri ɗaya muka tsaya. Ko Eliud Kipchoge, gwarzon ɗan tseren Kenya, ranar da ya yi gudun nan na kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a watan Oktoba na 2019, masu keke ne suke bin sa suna miƙa masa gorar ruwa mai sukari a hanya.

Amma Malam, akwai inda zan ɗan ja da kai. Ka sa abin ya zama kamar motsa jiki da azumi ba shi da wata riba ta musamman. Ni a jikina na ga riba. Duk Ramadan ina yin gudu a hankali na minti 40 kafin magariba, kuma bayan sallah ina jin na fi daɗewa a hanya kafin in nemi abu mai zaƙi.

Ga yadda nake yi, Yaya, ko zai amfane ka. Ina lissafa lokaci yadda zan ƙare a ƙofar gida daidai kiran sallah, kuma zagaye nake yi a unguwa, ba na yin nisa. Ma'aunina baki ne: in zan iya yi wa abokin tafiya magana jimla guda cikakkiya ba tare da na yanke don numfashi ba, to ina daidai. In magana ta fara gutsurewa, na yi sauri da yawa, sai in sassauta. Atisaye mai tsanani kuwa, hawan tudu da gudun sauri, sai bayan asham, ciki da abinci, gora a hannu. Kuma sahur ɗina tuwon acca ne ko dankalin Turawa da ƙwai, ban taɓa wasa da shi ba.

Malamin Kimiyya:

Ban musa maka ba ƙanena, gaskiyarka. Atisaye mai tsawo a hankali yana ƙara wa tsoka ƙananan jijiyoyin jini da wuraren ƙona kitse, har ƙwararre ya kai giram ɗaya a minti, ninkin na mutum irin Malam tela. Yin wani ɓangare na atisayen ciki wayam yana ƙara tura jiki wannan hanya. Abin da na ce shi ne wannan ba ya nufin tumbi zai fi saurin sauka.

Kuma yana da iyaka ko ga ƙwararru. Louise Burke ta gwada manyan 'yan tseren tafiyar sauri a Ostireliya, aka buga a 2017. Waɗanda aka ɗora a kan abinci mai maiƙo kusan babu sitaci na mako 3 sun koyi ƙona kitse fiye da yadda aka saba gani, amma a tseren kilomita 10 ba su ci gaba ba, alhali masu cin sitaci sun ci gaba. Dalili shi ne kitse ya fi sukari cin oksijin kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya, kuma a lokacin tsere numfashin ne yake ƙaranci.

Tsohon Malami, Tasawa:

Ina gaida jama'a daga Nijar. Ni shekarata 61, na bar aikin koyarwa na koma gona. Ƙanena tela, na karanta duka, kuma abin da ya zo min a rai shi ne azumin 2012 da 2013, da ya faɗo tsakiyar damina, lokacin noma. Mun yi shi da hauya a hannu, mu da 'ya'yanmu, kuma ban ga wanda ya faɗi a gonarmu ba. Amma dubi yadda muke yi. Sahur tuwon gero ne da miyar kuka, a bi da fura mai kauri. Ana sallame asuba mu kama hanya, mu yi aiki da sanyin safiya ciki da nauyinsa. Ba mai tsere da wani, hauya tana tafiya da numfashi, a kai ƙarshen kuyya a miƙe a huta. Rana na take tsaka mun dawo inuwa. Ba wanda zai ɗauki hauya bayan la'asar da azumi, ko yaro ya san wannan. Da na karanta bayanin Malamin Kimiyya sai na ga ashe abin da iyayenmu suka tsara ke nan ba tare da sun san sunan gilaikojin ba. Kai ka ɗauki aiki mafi nauyi ka kai shi sa'a mafi wuya, kuma ka hana kanka tuwo. Ka mayar da sahur ɗinka yadda yake, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai albarka a cikinsa.

Telan Hotoro:

Na gode ƙwarai, Baba na Tasawa, Malam, Anti, da ƙanena na Jos. Anti, faɗanki ya shige ni, maiɗakina ma abin da ta faɗa ke nan har da hawaye. Na yi shiru kwana 8 ne don in gwada kafin in dawo.

Na mayar da tuwo a sahur, malmala ɗaya da miya da ɗan wake ko ƙwai, da ruwa sosai. Inda na rage shi ne buɗa-baki, domin da na zauna na duba da idon basira, a shekarun baya nan ne ɓarnar take: ƙosai 10, soyayyen dankali, zoɓo mai sukari kofi 3, sannan a zo a ci abinci. Yanzu dabino da ruwa, kunu kofi ɗaya, sallah, sai abinci faranti guda. Keke kuma minti 35 a cikin unguwa, ina tafe ina karanta azkar ɗin yamma a bayyane, in na ji numfashi yana yanke min su sai in sassauta. Ko sau ɗaya jiri bai sake ɗibata ba.

Sikelin na tura shi ƙarƙashin gado. Tef ɗin awona nake ɗaurawa a cibiya ranar Juma'a da asuba, in rubuta a bayan littafin awon kwastomomi. Wancan mako inci 43, wannan mako 43 saura kwata. Ɗinkin sallah ya fara yawa, watakila goman ƙarshe ba zan samu hawa kullum ba.

Akwai abu ɗaya da nake so in yi bayan sallah. Na yanka wa dattijon nan jallabiya, da ido na auna shi, kuma ina so in kai masa da kaina a kan keken, da safe, bayan na karya. Zuwa da dawowa zai kai awa 2 da wani abu. Ƙanena na Jos, me zan riƙe a hanya?

Ɗan Tsere daga Jos:

Ma sha Allah Yaya. Ka karya da koko da ƙosai ko burodi awa 2 kafin ka tashi, ka fita kafin rana ta yi zafi. Gora 2 ta ruwa, ɗaya ka jefa mata ɗan gishiri kaɗan. Awa ta farko ruwa ya isa. Daga nan dabino 5 ko 6 na ƙanana a kowace awa, wajen giram 30 na sukari ke nan, ɗaya-ɗaya kana tafe, kada ka jira sai ka ji yunwa. Makonni 2 kafin ranar ka riƙa ƙara minti 10 a kan hawanka duk bayan kwana 3. Kuma ka samu wanda zai raka ka, ko abokin nan naka mai yadi ne.